Yadda Ake Auna Nisa Tsakanin Filin Jirgin Tromso da na Longyearbyen

Duk wanda ya ɗora magwaji a kan taswirar bango domin ya san nisan da ke tsakanin Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, da Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard, to lissafinsa zai kauce hanya, domin taswirar bango irin ta Mercator, salon zanen taswira da aka fitar a 1569, tana kumbura ƙasashe gwargwadon kusancinsu da ƙarshen duniya na arewa. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi aiki da lambobin matsayin filayen biyu.

Da farko ka nemo kowane fili da lambarsa ta haruffa uku, wato TOS da LYR, don kada ka auna daga tsakiyar gari. Filin Tromso yana kan digiri 69.68 arewa da 18.92 gabas, shi kuwa na Longyearbyen, wanda aka buɗe a 1975, yana kan 78.25 arewa da 15.47 gabas.

Tazarar kudu zuwa arewa ba ta da wuya. Ka cire 69.68 daga 78.25, saura 8.57, sannan ka ninka da 111, tunda kowane digiri na latitud, wato ma'aunin kudu zuwa arewa, kimanin kilomita 111 ne a ko'ina cikin duniya. Za ka samu kusan kilomita 951.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tazarar gabas zuwa yamma, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Layukan longitud, wato na ma'aunin gabas zuwa yamma, suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa, har su haɗu a wuri guda, shi ya sa digiri ɗaya da yake kilomita 111 a layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, ya koma kimanin 39 a Tromso, a Longyearbyen kuwa bai wuce 23 ba. Ka ɗauki tsaka-tsakinsu, wato 31, ka ninka da bambancin 18.92 da 15.47, wato digiri 3.45, sai ka samu kilomita 107. Wanda ya manta ya yi amfani da 111 zai tashi da 383, ninki uku da ɗoriya ke nan.

Daga nan ka ninka 951 da kanta, ka ninka 107 da kanta, ka haɗa su, sa'annan ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimilla. Amsar ita ce kimanin kilomita 957, ko mil 517 na teku, wanda da shi matuƙa jirgi suke lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Wannan dabara tana aiki ne saboda filayen biyu sun kusa zama a layin longitud ɗaya. Idan bambancin longitud ya yi yawa, sai a koma ga manhajar da ke lissafin hanya mafi gajarta a kan doron duniya.

Jirgin fasinja yakan ci wannan tazara cikin awa ɗaya da minti 40 ko kusa da haka, kuma yawancinta a kan teku ce, ga shi babu wani babban fili na biyu a tsibiran, don haka idan iska ko dusar ƙanƙara ta hana sauka, jirgin na iya juyowa Norwe. Ina ba matafiyi shawara ya bar rarar kwana guda kafin jirginsa na gaba, musamman daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da rana ba ta fitowa a Longyearbyen ko kaɗan. Ya kuma riƙe fasfonsa a hannu, domin Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba tare da binciken iyaka ba, ana duba takardu kafin a tashi.