Yadda zaka sa yara su riƙe sunayen mutanen tarihi

Kar ka fara musu da shekaru, wallahi barci zasu yi. Ɗauki suna ɗaya tak, kace Prempeh sarkin Asante, ka sa su a trotro daga Aboabo zuwa gidan tarihi na fadar Manhyia a Kumasi su gani da idonsu, a can ne zaka faɗa musu Turawan Ingila sun kama shi a 1896, daga baya suka kai shi tsibiran Seychelles, bai dawo Kumasi ba sai 1924. Nkrumah ba wuya, nuna musu hotonsa a takardar sidi 2.

Bayajidda kam bar wa kaka bayan tuwon dare, ita ta iya labarin macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura. Ni na gwada, autana yace baba ka bari kawai.