Kafin ka shiga sutudiyo da waƙarka ta R&B, ji labarin Ruth Brown

A fadarmu ta unguwar Zariya da an ɗora shayi sai wani yaro ya ciro waya ya ce yaya saurari muryata, wallahi wasu muryar akwai ta, amma ka tambaye shi wa ke da kiɗan da ya hau sai ya tsaya yana sosa kai.

To ƙanena zauna. Ruth Brown ba'amurkiya ce, an haife ta 1928, a coci ta fara waƙa inda babanta ke jagorantar mawaƙa. A shekarun 1950 waƙoƙinta suka ɗaga kamfanin faifan waƙa na Atlantic har ana ce wa kamfanin gidan da Ruth ta gina, amma da kasuwarta ta ja baya sai ga ta tana aikatau a gidajen mutane, tana tuƙa motar 'yan makaranta. Sai da ta yi shekaru tana fafutuka tare da lauyanta kafin a biya ta haƙƙinta, daga nan ne ma aka kafa gidauniyar taimakon tsofaffin mawaƙan R&B a 1988.

Fara da muryar, wannan kiɗa ba ya ɓoye ma kowa aibi. Kullum ka ɗauki kanka a waya ba kiɗa, ka saurara, inda numfashi ya yanke maka ka maimaita har ya zauna. Lokacin hunturu ka rufe hanci in za ka hau kabu-kabu, ruwan sanyi kuma ka haƙura da shi ranar ɗauka. Kuma don Allah ka yi da Hausarka, turancin da kai kanka ba ka ji ba wa zai saya a Maradi?

Sai babbar maganar. Kafin ka buɗe baki gaban makirfo ku gama magana da mai sutudiyo, kiɗan nan sayar maka ya yi ko aro ne, in waƙa ta fashe nawa ne nashi nawa ne naka, wa zai ɗora ta YouTube kuma da sunan wa. Ku rubuta a takarda ku sa hannu da shaidu biyu ko da jika biyar ce tsakaninku, kar kunya ta hana ka wai ai abokina ne, in kuɗi suka shigo abota kan canza kama. Ray Charles, wani babban mawaƙin Amurka, da zai koma kamfanin ABC a 1959 abin da ya tsaya a kai ke nan, asalin faifan waƙoƙinshi su zama mallakarshi, kuma ya samu.

In an gama haɗawa kar ka yarda da wadda za a turo maka ta WhatsApp kaɗai, je ka da filas ɗinka a zuba maka muryar daban kiɗan daban. Daga nan ka nemi hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA ka yi rajistar waƙar, sannan ka kai ma 'yan rediyo.