Kurakuran da masu sayen DAC mai sauƙin kuɗi suke ta maimaitawa

Daga ƙaramar salla zuwa yanzu mutum huɗu ne suka same ni da kuka iri ɗaya, biyu a nan Agege, ɗaya daga Idi-Araba, ɗaya kuma ya tako tun daga Obalende da akwatinsa a cikin leda. Kowannensu ya sayi ƙaramin akwatin nan da ake kira DAC domin ya gyara sautin ɗakinsa, kowannensu kuma ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Da na duba, a cikin huɗun babu akwati ko ɗaya da ya lalace daga kamfani. Hannun mai shi ne ya ɓata lamarin, kuma ta hanyoyin da ni ma na bi a shekarun baya har suka ci mini kuɗi. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a bakin masallaci da ƙofar shago, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Aikin DAC guda ɗaya ne. Duk sautin da yake cikin waya ko kwamfuta ko talabijin na zamani a matsayin lambobi yake ajiye, lasifika kuwa ba ta san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka kawai take ji. DAC shi ne yake mayar da lambobin su zama wannan wutar. Akwai irinsa a cikin kowace waya da kowane talabijin, sai dai sau da yawa ƙarami ne mai arha, an cusa shi a kusa da wasu sassa masu hayaniyar lantarki. Wanda ake saye daban yana karɓar lambobin ta USB, ko ta kebul ɗin haske da ake kira Toslink, ko ta kebul ɗin kowaksiyal, ya fitar da sauti ta ramuka biyu na RCA, ja da fari, zuwa amfilifaya, wato na'urar da take ƙara wa sautin ƙarfi kafin ya isa lasifika. Wanda ya riƙe wannan bayanin ya tsira daga rabin kurakuran da zan ambata.

Na farko shi ne sayen akwatin da yake aiki a juye. A rumfunan Alaba da na Computer Village a Ikeja akwai akwatuna iri biyu masu girma ɗaya, launi ɗaya, ramuka iri ɗaya: ɗaya yana mayar da lambobi sauti, ɗayan yana mayar da sauti lambobi. A karanta rubutun jikinsa tun a gaban mai shago, a tabbatar ramin Toslink shi ne mashiga, RCA kuma mafita. Bayansa sai masu haɗa DAC kai tsaye da manyan lasifikokin katako marasa wuta, su zauna jiran sauti. DAC ba amfilifaya ba ne, wutar da yake fitarwa ba ta wuce kimanin bolt 2, kuma ba ta da ƙarfin motsa irin waɗannan lasifikoki.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai, wanda har yau idan na tuna sai na ji ɗaci, shi ne na saitin talabijin. Na sayi DAC ɗina na farko ne saboda talabijin ɗin da na sauya ba shi da ramin RCA ko ɗaya, ni kuma ina da tsohuwar amfilifaya ta Japan da lasifikoki biyu da na daɗe ina lallaɓawa. Na haɗa kebul ɗin haske, na kunna tashar labarai, sauti ya fito tas, har na ji muryar mai karanta labarai kamar yana zaune a kan tabarmata. Da dare ya yi muka taru kallon fim, na ƙara murya saboda ɗakin ya cika, aka danna fim ɗin. Abin da ya fito daga lasifikokin ba sauti ba ne, wata irin ƙara ce mai kaifi kamar ana yayyafa ruwa a tafasasshen mai, da dukkan ƙarfin amfilifayar. Kafin in kai hannu in kashe, ƙaramar lasifikar da take fitar da siririn sauti a ɓangaren hagu ta riga ta ƙone. Na yi wata uku ina neman irinta ban samu ba, daga ƙarshe mai gyara ya sa mini wata dabam, kuma tun daga ranar hagu da dama ba su sake yin daidai a kunnena ba.

Dalilin abin mai sauƙi ne, kuma da na san shi da minti ɗaya ya ishe ni. Ramin hasken talabijin yana iya fitar da sauti iri biyu. Akwai PCM, wato lambobin sauti a fili na hagu da dama, irin wanda yake cikin faifan CD tun da Sony da Philips suka fito da shi a 1982. Akwai kuma Dolby Digital da DTS, waɗanda ƙunsassun bayanai ne na lasifikoki har shida, sai na'urar da ta iya kwance su take gane su. DAC mai sauƙin kuɗi PCM kaɗai ya sani. Idan aka tura masa ƙunsasshen bayani, wani yakan yi shiru, wani kuwa sai ya ɗauka sauti ne ya fitar da shi yadda ya zo, wannan ce ƙarar da ta cinye mini lasifika. Talabijin da yawa suna zuwa ne a kan saitin Auto, shi ya sa labarai suka yi daidai, fim kuma ya yi ɓarna. Maganin shi ne a shiga saitin sauti, a nemi wurin da ake zaɓen fitar sauti ta dijital, a kafe shi a kan PCM tun kafin a taɓa haɗa kebul. A yi haka a dikoda ma, da na'urar wasan yara idan akwai, domin kowacce da nata saitin. Ni dai al'adata yanzu ita ce duk lokacin da zan gwada sabuwar na'ura ko sabuwar manhaja, sai na mayar da muryar amfilifaya sifili, in kunna, sannan in riƙa ɗagawa a hankali. Wasu suna ganin wannan tsoro ne ya yi yawa, amma su ba su yi wata uku suna zagaye Alaba da ƙonanniyar lasifika a aljihu ba.

A nan ne mutane suke ƙara wani kukan, wai rimot ya daina rage murya. A yawancin talabijin ramin haske ƙarfinsa a tsaye yake, don haka daga amfilifaya ake ragewa da ƙarawa, babu abin da ya lalace. Haka nan kafin a ce kebul ɗin haske ba ya aiki, a cire 'yar hular robar da take rufe bakinsa, a leƙa ko jan haske yana fitowa, kuma kada a lanƙwasa shi kamar igiyar shanya, domin zaren roba ne a ciki wanda yake karyewa.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne na wuta, kuma a nan zan yi magana da zafi saboda mazauna Legas ba su da uzuri a kansa. Kowa ya san yadda wutarmu take: a ɗauke, a kawo, a tayar da janareta, a juya makunni zuwa inbata, wani lokaci sau biyar a wuni guda. Duk da haka sai ka ga mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi DAC mai kyau, sannan ya ciyar da shi da cajar waya ta bakin titi wadda ko nauyin kirki ba ta da shi a hannu, ya soka ta a soket ɗaya da firiji da fanka, ya dawo yana cewa akwai tsuwwa a cikin sautin. Ina tsuwwa ba za ta fito ba? Yawancin waɗannan akwatuna da bolt 5 suke aiki, kuma masu arha a cikinsu ba su da matatar kirki a ciki, duk dattin da caja ta zo da shi yana iya ratsawa ya kai kunne.

Ni nawa ya fi tsuwwa muni. Wata rana da yamma aka ɗauke wuta, yaro ya tayar da janareta ya juya makunni alhali komai yana kunne, na ji wani ɗan ƙas daga bayan talabijin, fitilar DAC ɗin ta mutu ba ta sake kamawa ba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, ya buɗe, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce da ni, "Malam, wannan ba ya gyaruwa, kuɗin aikin zai fi kuɗin sabo. Amma ka gaya mini, da wace caja kake ba shi wuta?" Da na nuna masa, sai ya ce, "To ai ita ce ta buɗe wa wutar ƙofa." Maganarsa gaskiya ce, kuma laifin nawa ne, domin na san janareta yakan yi tsalle a farkon tashi kafin ya daidaita, na kuma san cajar ba ta da wata kariya.

Tun daga nan na kafa wa gidana doka. Kayan sauti suna da soket nasu mai kariyar hawan wuta, kuma ana kashe shi kafin a juya makunni, ko zuwa janareta ko dawowa, sai an bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana tafiya sannan a kunna. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, domin bugun da sauran na'urori suke yi lokacin tashi kada ya isa lasifika. DAC ɗin kuwa da fawa-bank nake ciyar da shi idan zan zauna sauraro na nutsuwa, saboda batir ba ya ɗauko dattin layin wuta. Na san akwai masu cewa kunne ba zai bambance ba a kan na'ura mai kyau, kuma mai yiwuwa haka ne a kan masu tsada, amma a kan nawa ina jin bambancin, musamman a karatun Alƙur'ani inda ake yin shiru tsakanin aya da aya. Mai inbata kuma ya bincika irin tasa, domin masu arha da ba sa fitar da wuta mai santsin zagaye sukan sa amfilifaya zuza, kuma babu DAC ɗin da zai magance wannan.

Akwai wani ƙugi dabam, mai kauri, wanda ba ya sauyawa ko an dakatar da waƙa. Wannan ƙugin wutar gida ne, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa, yana shigowa ne idan na'urori biyu sun haɗu ta kebul na ƙarfe alhali kowacce tana da tata hanyar zuwa ƙasa. Kwamfutar tebur da kebul ɗin da yake tahowa daga dish zuwa dikoda su ne suka fi jawo shi. Kada wanda ya kuskura ya karya ƙafar soket ta uku don ya rabu da ƙugi, na ga masu yin haka, kuma wasa ne da rai a gidan da yara suke taɓa ƙarfen amfilifaya da jiƙaƙƙen hannu. A haɗa kayan duka a soket ɗaya, idan bai tafi ba a koma kebul ɗin haske, wanda ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, shi kuwa yakan yanke matsalar daga tushe.

Sauran ƙanana ne amma suna yawan faruwa. Kada a soka DAC a ramin da aka rubuta Phono a bayan tsohuwar amfilifaya, na garmaho ne, an yi shi don sauti mai rauni ƙwarai, zai cika ya fashe; a yi amfani da AUX ko CD ko Tape. Wanda yake tura waƙa ta Bluetooth kai tsaye zuwa lasifika ya sani cewa DAC ɗin da ya saya ba ya cikin tafiyar sam. Mai kwamfuta ya shiga saitin sauti ya zaɓi DAC ɗin da sunansa, ya bar muryar kwamfutar a sama, ya riƙa ragewa daga amfilifaya.

Sai masu bin lambobin jikin kwali, waɗanda suke ƙin sayen akwati don an rubuta 96 a jikinsa (wato yana auna sauti sau dubu 96 a daƙiƙa), su ce sai mai 192 ko 384, alhali abin da suke saurara waƙoƙi ne da aka turo ta WhatsApp aka sake turawa, ko MP3 mai 128, wato wanda aka matse sosai, da aka loda musu a kati. Faifan CD a kan 44.1 da bit 16 yake, kuma wannan ya riga ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam yake ji, wanda iyakarsa sauti mai kaɗawa kusan sau 20,000 a daƙiƙa ce a ƙuruciya, tana raguwa da shekaru. Abin da aka yar lokacin matse fayil ba ya dawowa, DAC mai kyau ma ƙara tona asirin mummunan fayil yake yi. A nemi FLAC, wato fayil ɗin da ba a yar da komai daga cikinsa ba, ko asalin faifai, ko aƙalla MP3 mai 320, a nan ne ake jin fatar kalangu da gashin kukuma sun rabu da juna. Haka sunan guntun lantarkin da yake cikin DAC ɗin, ko ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic, bai isa hujja ba shi kaɗai, domin yadda aka gina kewayensa da wutar da ake ba shi sun fi sunan tasiri. Kamfanoni irin su FiiO da Topping da SMSL suna da ƙananan samfura da suka wadatar da ɗaki irin namu.

Wanda lasifikokinsa na roba ne marasa nauyi, ko ya tura su cikin kusurwa a bayan kujera, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya fara gyara wannan kafin ya je kasuwa. Ya jawo su kaɗan daga bango, ya daidaita su da tsayin kunnensa a zaune, ya shimfiɗa darduma idan daɓen tayil ne, zai ji sauyin da ya fi na kowane akwati. Kebul ɗin RCA mai tsada ban taɓa jin amfaninsa ba, gajere mai kauri wanda yake kama rami da kyau ya isa. Abin da nake yi kawai shi ne duk ƙarshen damina in zare su in goge bakunansu da auduga da ɗan sifirit, saboda laimar Legas da iskar gishiri suna sa su tsatsa, kuma sau biyu na ga ɓangare ɗaya ya yi shiru a gidan mutum ba don komai ba sai wannan tsatsar.