Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi Kan Izinin Aiki da Haraji a Ƙasashen Waje

Izinin yin aiki da biyan haraji abubuwa biyu ne da hukumomi daban-daban suke kula da su, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke jefa ɗalibai da yawa cikin matsala. Ɗalibi yakan ga an cire haraji a takardar albashinsa, sai ya ɗauka aikin ya halatta, alhali takardar nan ita ce za ta zama shaida a kansa idan ya wuce sa'o'in da bizarsa ta ƙayyade.

Kuskuren da ya fi yawa yana cikin ƙidayar sa'o'i. A Birtaniya, ɗalibin digiri yana da sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma makon yana farawa ne daga Litinin ya ƙare Lahadi. Wanda ya yi 25 a wannan mako sannan ya yi 15 a na gaba ya riga ya karya sharaɗi, domin ba a haɗa makonni a raba, kuma mai aiki wuri biyu jimillar duka ake lissafa masa. Kanada ta mayar da nata 24 a mako tun Nuwamban 2024, Jamus kuwa kwanaki take ƙirgawa, 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara. Saboda haka shawarar abokin da ke wata ƙasa ba abin dogaro ba ce. Gyaran shi ne ɗalibi ya riƙa rubuta sa'o'insa da kansa, ya kuma tabbatar da ranakun hutu daga jami'a kafin ya karɓi ƙarin aiki.

Nau'in aikin ma yana da nasa tarkon. Bizar karatu ta Birtaniya ta hana mutum yin aikin kansa, kuma yawancin aikin kai abinci ta manhajar waya a wannan rukuni yake. A Amurka, mai bizar karatu ta F-1 cikin harabar makaranta aka yarda ya yi aiki. A wajenta sai da izinin aikin horo mai alaƙa da karatunsa, wato CPT daga jami'in makaranta, ko OPT daga hukumar shige da fice, kuma ba a fara aiki ko da kwana ɗaya kafin ranar da aka rubuta a takardar izinin.

Ta ɓangaren haraji, a ganina babu abin da ake sakaci da shi kamar fom 8843 na Amurka, mai bayyana matsayin ɗalibi ga hukumar haraji, wanda ɗalibi baƙo zai cike ko bai sami ko dala ɗaya ba a shekarar. Mai F-1 yakan zama baƙo a idon hukumar haraji tsawon shekarun kalanda biyar, kuma wanda ya iso a watan Agusta an ƙirga masa wannan shekarar cikakkiya. A cikin waɗannan shekaru fom ɗin harajin baƙi, wato 1040-NR, shi ne nasa. Da yawa sukan yi amfani da manhajar da aka tsara wa mazauna ƙasa, su cike fom 1040 na mazauna ƙasa, su karɓi rangwamen da ba nasu ba. Mafita ita ce a aika gyara da fom 1040-X. Haka nan bai kamata a cire wa ɗalibin daga albashinsa kashi 7.65 cikin ɗari na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi ba. Idan an cire, ya fara neman kuɗinsa wurin mai aikin, in bai samu ba ya nema da fom 843.

A Birtaniya akasin haka aka fi gani, wato ɗalibai suna barin kuɗinsu a hannun hukuma. Fam 12,570 na farko a shekara babu harajin kuɗin shiga a kansu, amma wanda ya fara sabon aiki bai miƙa takardar P45, wadda tsohon wurin aiki ke bayarwa, ko ya cike fom ɗin sabon ma'aikaci ba, ana iya ɗora shi a lambar haraji ta wucin gadi a cire fiye da ƙima. Ya duba lambar da ke takardar albashinsa, wadda ga yawancin mutane 1257L ce, idan ta saɓa ya tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC, domin ana iya neman rarar har shekara huɗu bayan ƙarshen shekarar harajin, wadda ke ƙarewa ranar 5 ga Afrilu.