Yadda za ka tafi da kyanwarka a jirgi in za ka koma wata ƙasa da zama

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne shirin tafiya da mage watanni yake ɗauka, kuma tikiti kusan shi ne abu na ƙarshe da za ka yanka. Mutane da yawa juya abin suke yi, su yanki tikiti, su ɗaure kaya, sai saura sati biyu su tuna da kyanwa su ruga wajen likitan dabbobi, shi kuma ya ce musu ai gwajin jinin da ke nuna allurar haukan kare ta kama kaɗai sai an jira wata uku bayansa. Daga nan sai a shiga neman wanda zai riƙe ta, ko a bar ta a baya rai ba daɗi. To dan Allah ka fara da dokar ƙasar da za ka, ka buɗe shafin hukumar da ke kula da shigo da dabbobi ta ƙasar da kanka ka karanta, sannan ka ɗauki kalanda ka yi ta ƙirgo da baya daga ranar da kake son sauka.

Ƙasashe sun sha bamban sosai a nan. Amurka a matakin tarayya ba ta tsananta wa maguna ba, abin da suke dubawa shi ne ta iso da alamar lafiya, amma jihohi suna da nasu sharuɗɗan, Hawai kuma tata dokar mai tsauri ce don tsibiri ne da babu ciwon haukan kare. Ostireliya sai ka samu izinin shigowa tukuna, kuma sai an killace kyanwar aƙalla kwana 10 a cibiyarsu ta Mickleham da ke kusa da Melbon, sannan ba daga kowace ƙasa suke karɓa kai tsaye ba. Japan suna so a yi allurar rigakafin haukan kare sau biyu, a yi gwajin jini, a jira kwana 180, kuma ka sanar da hukumarsu aƙalla kwana 40 kafin isowa. Ka ga wanda zai tafi Japan in bai fara shiri da wata bakwai ko takwas ba ya makara.

Jerin da ba a tsallakewa

Nan ne zan fi daɗewa saboda nan ake faɗuwa. Da farko maikirocip, wato ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar shinkafa da likita ke sa wa a ƙarƙashin fata wajen kafaɗa, yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Ka tabbata irin na ISO 11784/11785 ne don shi na'urorin filayen jirgi suka fi iya karantawa. Bayan an sa cip ɗin ne ake yin allurar rigakafin haukan kare, ba kafin ba. In aka yi allura aka dawo aka sa cip daga baya, ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya za su ɗauka kamar ba a yi allurar ba, sai an sake, kuma duk lissafin kwanaki ya koma farko. Dalilinsu shi ne lambar cip ce kaɗai ke nuna cewa wannan magen da ke gabansu ita ce aka yi wa allurar da ke rubuce a takarda. Don haka duk ranar da ka je wajen likita ka ce ya sa na'ura ya karanta cip ɗin a gabanka, ka haɗa lambar da wadda ya rubuta, lamba ɗaya in ta kuskure za ta iya tsayar da kai a bakin shiga.

A dokar Tarayyar Turai ba a yi wa ɗan mage allurar sai ya kai sati 12, kuma bayan allurar farko sai an jira kwana 21 kafin tafiya. In kuma daga ƙasar da ba ta cikin jerin waɗanda suka amince da su kake tahowa, to akwai gwajin jini, ana ɗibar jinin aƙalla kwana 30 bayan allura, a aika ɗakin gwajin da su suka yarda da shi (ba kowane ɗakin gwaji ba, ka tambayi likita ina zai aika), sakamakon ya kai 0.5 IU/ml ko sama, sannan a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Haɗa ka gani, wata huɗu ke nan ko da komai ya tafi daidai. Wani lokaci kuma sakamakon kan fito ƙasa da yadda ake so, sai an ƙara allura an sake gwaji, shi ya sa nake cewa ka bar wa kanka rarar lokaci. Kuma kada ka bari wa'adin allurar ya ƙare kana cikin jira, a sabunta ta kafin ranar ta cika.

Takardar shaidar lafiya ita ce ta ƙarshe kuma ita ce mai gajeren rai. Ta Tarayyar Turai kwana 10 ne kacal daga ranar da likitan gwamnati ya sa hannu zuwa ranar da za a duba ku a wurin shiga. In ka karɓa da wuri ta mutu kafin ka isa, in ka yi jinkiri ofis ya rufe maka ranar hutu. Ka nemi ranar ganin likitan tun da wuri, ka kuma tambaya ko ƙasar da za ka baro tana buƙatar takardar izinin fitar da dabba, don da yawa suna buƙata. Wani abu da ba kowa ya sani ba, a tsarin Turai mutum ɗaya ba ya wuce dabbobi biyar, kuma dole tafiyarka da tasu su kasance cikin kwana biyar da juna, in ba haka ba sai a mayar da abin kamar na kasuwanci, wanda takardunsa daban ne.

A cikin jirgi tare da kai, ko a ƙasa wajen kaya

Ni dai in da hali na fi son mage ta zauna a ƙarƙashin kujerar da ke gabanka, kana jin motsinta tana jin muryarka. Kamfanoni irin su Lufthansa, KLM, Air France da Turkish Airlines suna yarda da haka in nauyin kyanwa haɗe da jakarta bai wuce kilo 8 ba, amma girman jakar kowane kamfani da nasa awon, ka duba nasu ka auna da tef. Kuma wuraren dabbobi a kowane jirgi ƙididdigaggu ne, don haka ka kira su ka tabbatar akwai wuri kafin ka biya kuɗin tikitin, ka sa su aiko maka da shaida a rubuce. In tafiyar ta haɗa kamfani biyu kowanne sai ya amince daban, kada ka ɗauka yardar na farko ta wadatar.

Wasu wuraren kuma ba ka da zaɓi. Birtaniya ba ta yarda dabbar gida ta shigo a cikin ɗakin fasinja ba, sai dai a matsayin kago, wato kayan da jirgi ke dako daban da na fasinja, mai takardunsa, ta hanyoyin da suka amince da su, in Heathrow ce akwai cibiyar karɓar dabbobi da za ka je ka ɗauko ta. Ostireliya ma kago ne. Emirates ba sa ɗaukar mage a ɗakin fasinja. In haka ta kama ka kada hankalinka ya tashi, sashen da ake sa dabbobi a cikin cikin jirgi yana da iska da ɗumi da aka daidaita, inda hatsarin ya fi yawa shi ne lokacin jira a ƙasa kafin a loda ko bayan an sauke, a cikin rana ko sanyi. Saboda haka ka nemi jirgin da ba ya yada zango in akwai, lokacin zafi ka zaɓi na dare ko na asuba. Maguna masu shafaffen hanci irin su Fashiyan da Himalayan numfashinsu da ma da wahala yake, kamfanoni da yawa ba sa yarda a sa su a wajen kaya, kuma gaskiyarsu ce. Akwai wakilai da aikinsu ke nan, safarar dabbobi, in kago za ka yi yana da kyau ka nemi ɗaya, wasu kamfanonin jirgin ma ba sa karɓa sai ta hannunsu.

Kejin kago dole ya bi ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya: mai ƙarfi, da ramukan iska, ƙofar da ba ta buɗewa da turi, kuma kyanwar ta iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta ba a takure ba. A manna kwanon ruwa a jikin ƙofar ta ciki yadda ma'aikata za su iya zubawa ba sai sun buɗe ba, ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jiki, ka cire tayoyi in yana da su.

Sabo da jaka

Wannan shi ne abin da za ka yi mata wanda ya fi kowace takarda amfani a wajenta ita. Mafi yawan maguna jakar nan wajen likita kawai suka san ta, da sun gan ta sai ƙarƙashin gado. Ka fito da ita makonni kafin tafiya ka ajiye a buɗe a inda take son kwanciya, ka shimfiɗa tsumman da ta saba da shi, ka riƙa sa mata abinci kusa da bakin jakar, bayan kwana biyu a ciki, sannu a hankali ka fara rufewa na minti kaɗan, sannan ka ɗauke ta ku zaga cikin gida, daga baya ku ɗan fita a mota ku dawo. Kada ka tura ta da ƙarfi ko sau ɗaya. A wannan lokacin kuma ka koya mata sa ɗamarar ƙirji mai igiya, za ka ga amfaninta a filin jirgi.

Maganar maganin barci kuwa, a'a. IATA da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka duk sun yi gargaɗi a kai, saboda yana saukar da bugun jini, yana taɓa numfashi, a sama kuma abin yana ƙaruwa, ga shi mage mai maye ba ta iya riƙe jikinta in jirgi ya girgiza. In taka mai tsananin tsoro ce ka yi magana da likita, akwai maganin rage fargaba irin gabapentin da sukan bayar, amma shi zai faɗi adadi kuma a gwada a gida tun kafin ranar don a ga yadda jikinta zai karɓa. Akwai kuma feshin Feliway, ana fesa wa jakar kamar minti 15 kafin a sa ta, wasu magunan yana kwantar musu da hankali wasu kuma ko a jikinsu.

Ranar tafiya

Ka ba ta abinci kaɗan ka ɗauke kamar awa huɗu zuwa shida kafin tashi don kada ta yi amai, ruwa kuwa kada ka hana. Shimfiɗa ƙyallen da ke tsotse fitsari a ƙasan jakar ka riƙe wasu biyu ko uku a jakar hannunka tare da leda da tishu da ɗan abincinta. Takardu na asali su kasance a hannunka, ba a cikin akwatin da za a loda ba, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Wurin binciken tsaro shi ne inda nake jin tsoro fiye da ko'ina. Za su ce ka fito da kyanwar, jakar ta bi ta na'ura kai kuma ka wuce da ita a hannu, ga hayaniya ga mutane, mage in ta firgita ta kuɓuce a filin jirgi kamo ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ka sa mata ɗamarar tun daga gida, ka naɗe igiyar a hannunka kafin ka zuge zif, kuma ka roƙi jami'an su kai ku ɗakin bincike mai ƙofa, filaye da yawa suna yi in an tambaya. Kada kunya ta hana ka don layi ya yi tsawo a bayanka.

A cikin jirgi ba a fito da ita, kuma ba za su ba ka kujerar bakin ƙofar gaggawa ba. Za ta yi kuka lokacin tashi, yawanci daga baya sai ta yi shiru. Ka yafa wa jakar mayafi mara nauyi ka bar gefen iska a buɗe, ka riƙa yi mata magana a hankali. In ta ƙi ci ta ƙi sha a hanya ba abin mamaki ba ne, da yawa ma ba sa fitsari sai an sauka. Abin da za ka sa wa ido shi ne numfashi da baki buɗe ko haki, wannan a mage alama ce ta matsananciyar wahala ko zafi, ka sanar da ma'aikatan jirgi nan take.

Da kun sauka ka bi ta inda ake bayyana kaya ka gabatar da ita da takardunta, kada ka bi hanyar waɗanda ba su da abin nunawa. A sabon gida kuma ɗaki ɗaya za ka ware mata tukuna, da ruwa da abincin da ta saba da kwandon yashinta da jakar nan a buɗe, ka rufe tagogi. Za ta ɓuya, ƙyale ta ta fito don kanta. Amma in ta kai kwana biyu ba ta ci komai ba ka kai ta wajen likita, don mage in ta daɗe ba ta ci ba hantarta ke lalacewa, musamman mai ƙiba, haka in muzuru ne ka ga yana yunƙurin fitsari ba ya fita, wannan a ranar ake zuwa asibiti. Kada ka bar ta ta fita waje sai bayan wasu makonni, kuma a satin farko ka yi rajistar lambar cip ɗinta a ƙasar da sabon adireshinka da sabuwar lambar wayarka.