Kurakuran da aka fi yi wajen raba wayar talabijin da sifilita, da yadda ake gyara su

A yawancin gidajen da ake kirana saboda hoton talabijin yana tsayawa, ko yana farfashewa, ko allo ya nuna babu sigina, kafin in isa an riga an yanke wa wani abu hukunci. Wani ya ce iska ce ta karkatar da dish, wani ya ce risiba ce ta tsufa, wani kuma ya ɗora wa kamfani laifi. Da wuya a samu wanda ya tuna da ɗan ƙarfen nan mai baki uku ko biyar da aka cusa a bayan kabad ko a cikin silin, wato sifilita, alhali sau da yawa ita ce ummul haba'isin matsalar. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ga yaran da suke koyon aiki a hannuna da masu gidan da suke haɗa wayarsu da kansu, shi ya sa na ga gara in rubuta shi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar sifilita a matsayin abin da yake yawaita sigina. Aikinta rabawa ne kawai, kamar yadda ake raba kwanon tuwo ɗaya ga yara, duk yaron da aka ƙara sai rabon kowa ya ragu. Mai baki biyu (bakunan fita kawai ake ƙidayawa) tana rage kimanin dB 3.5 a kowane baki (dB shi ne ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina), ma'ana abin da yake fita bai kai rabin abin da ya shiga ba, mai baki huɗu tana rage kimanin 7, mai baki takwas kuwa ta haura 10. Wannan ragin yana nan ko an kunna sauran talabijin ɗin ko ba a kunna ba, yana nan ma ko babu waya a sauran bakunan. Saboda haka mai ɗaki biyu da ya sayi mai baki huɗu da sunan tanadin gaba ya zubar da rabin siginarsa a banza tun daga yau. Mai baki uku kuma tana da sirrin da mutane ba sa lura da shi, domin a mafi yawansu baki ɗaya an rubuta masa 3.5, biyun kuma 7, kuma ɗakin da ya fi nisa shi ya cancanci bakin 3.5 ɗin.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina kuwa shi ne sa sifilita a kan wayar dish domin a ciyar da risiba biyu daga LNB mai baki ɗaya, wato na'urar nan ta gaban dish da take karɓar sigina. A farkon fara aikina wani Alhaji ya kira ni gidansa, dish ɗaya ne a kan katanga yana kallon tauraron Nilesat, risiba tana ɗakin uwargida, yana son a ja wa amarya tata. Na sayi sifilita mai baki biyu, na ja waya, na kunna duka biyun a kan tasha ɗaya, hoto ya fito tangaran a ɗakunan, na karɓi kuɗina na tafi ina jin na iya aiki. Bayan kwana biyu ya kira ni, ya ce, "Malam, zo ka kwashe abin da ka haɗa, ka jefa mini gida cikin fitina." Ashe duk lokacin da Hajiya ta canza tasha, wasu tashoshin ɗakin amarya sai su ɓace, in kuma ta kashe risibarta ta kwanta, sai ɗakin amarya ya mutu gaba ɗaya. Amarya ta rantse da gangan ake yi mata, Hajiya ta rantse ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa game da abin da suka gani.

Na hau katangar nan sau uku ina gyara saitin dish ɗin da babu abin da ya same shi. Na canza LNB da kuɗin aljihuna, na canza wayar ɗakin amarya, daga ƙarshe na karɓi risibarta na ba ta sabuwa a kan cewa waccan ce mai laifi, duk a banza. Sai da wani tsohon ma'aikaci ya tambaye ni abin da na sa a tsakanin risibobin, na faɗa masa, ya yi dariya har da tafa hannu.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Wayar eriya, ko wayar kebul irin wadda kamfani yake ja zuwa gidaje a Amurka da Ingila, tana ɗauke da dukan tashoshi a lokaci guda, don haka in an raba ta kowa zai samu komai, sai dai da rauni. Wayar dish ba haka take ba. LNB na gama-gari yana da rukuni huɗu na tashoshi, kuma ɗaya kawai yake iya turowa ta waya ɗaya a lokaci guda. Risiba ce take gaya masa wanda take so, ta wutar da take tura masa ta cikin wayar: bolt 13 in tana son tashoshin da aka yi wa alamar V, bolt 18 in tana son masu alamar H, sannan ta ƙara wani sauti na 22 kHz in tana son rukunin sama. Idan risiba biyu suka haɗu a kan LNB ɗaya, bawa ɗaya ne da iyayengiji biyu. Sifilitar da na saya tana barin wuta ta wuce ta baki ɗaya ne kawai, kuma bakin nan shi na ba ɗakin Hajiya, don haka ita ce mai iko, amarya kuma sai abin da aka zaɓa mata. Da a ce mai barin wuta ta kowane baki na saya, da rigimar ta canza salo ne kawai, domin mai tura bolt 18 zai riƙa danne mai tura 13.

Maganin da ya kamata in yi tun ranar farko bai fi kuɗin abin da na ɓarnatar ba: LNB mai baki biyu, kowace risiba da wayarta tun daga kan dish har ɗaki. Gidan da yake da ɗaki huɗu a sa mai baki huɗu, otal ko gidan haya mai ɗakuna da yawa a sa na'urar maltisuwic, wadda take ba kowace risiba rukunin da take so. Akwai LNB irin na Unicable, kamar wanda DStv suke amfani da shi wajen haɗa dikoda (wato risiba) fiye da ɗaya, wanda an yi shi ne domin a raba shi da sifilita, amma da sharaɗin a ba kowace dikoda tata lambar hanya a cikin saiti. In ba irin wannan ba ne a kan dish ɗinka, kada ka bari kowa ya sa maka sifilita, ko da ya nuna maka hoto ya fito a ɗakunan biyu. Ka ce masa ya sa ɗaya a tashar V ɗaya a tashar H, sannan ya kashe ɗaya daga bango, kafin ka ba shi ko kwabo. Bakin nan na bayan wasu risibobi da ake ɗaukar waya daga gare shi zuwa risiba ta biyu shi ma wannan ciwon gare shi. Kuma ina roƙon yarana su daina rikita sifilita da suwic ɗin DiSEqC don kawai sun yi kama a ido, domin suwic ɗin dish da yawa yake tarawa zuwa risiba ɗaya, kishiyar aikin sifilita ke nan.

Abu na biyu da yake ɓata mini rai ya fi shafar masu eriya, irin masu kallon GOtv da StarTimes ta sandar da aka kafa a kan rufi. A nan sifilita halal ce, amma mutane suna jera ta kamar carbi. Mai wayarin ya sa mai baki biyu a cikin silin tun ana gini, bayan shekara aka ƙara mai baki huɗu a falo, daga baya wani yaro ya ƙara mai baki biyu domin ɗakinsa. Ragin yana taruwa ne, 3.5 da 7 da 3.5 sun zama 14, wato abin da ya isa ɗakin yaron kusan kashi ɗaya ne cikin 25 na abin da eriya ta kamo, ba a ma lissafa abin da doguwar waya ta ci ba. A zamanin analog irin wannan raunin yana bayyana a matsayin yayyafi a hoto, mutum ya ci gaba da kallo a haka. Dijital ba ta da tsaka-tsaki, hoto yana nan garau har sai siginar ta sauka ƙasa da wani mizani, sai ya farfashe ko ya ɗauke, dikodar GOtv ta rubuta E48-32, alamar babu sigina. Shi ya sa gidan da aka jera sifilitoci yake aiki lafiya lau a rana mai kyau, ya mutu da zarar hadari ya haɗo.

Daga nan sai mai gida ya tafi kasuwa ya sayo busta, na'urar ƙara ƙarfin sigina, ya maƙala ta a bayan talabijin ɗin da yake ba shi wahala. Wannan asarar kuɗi ce tsagwaronta, kuma na faɗa har bakina ya gaji. Busta ba ta san sigina ba, ba ta san hayaniya ba, duk abin da aka ba ta shi take ƙarawa. Idan siginar ta riga ta nutse a cikin hayaniya bayan ta ratsa sifilita uku, bustar za ta ɗaga su tare, sai ka ga layin ƙarfi a allo ya cika, layin inganci kuma yana nan a ƙasa, kuma layin ingancin shi ne yake kawo hoto. Wurin busta kusa da eriya ne, kafin sifilita ta farko, inda siginar take da tsabta. A gidan da yake kusa da hasumiyar watsa shirye-shirye kuwa busta tana iya cika dikoda da ƙarfin da ya wuce kima har hoton ya lalace, na sha cire ta kawai matsala ta ƙare. Ni dai a al'adata ba na sa busta sai na fara kwashe sifilitocin nan duka na maye gurbinsu da guda ɗaya mai bakin da ya yi daidai da yawan ɗakuna, a wurin da hannu zai iya kaiwa. Wasu abokan sana'a suna ganin ɓata lokaci ne shiga silin da rana tsaka, ni kuma na ga abin da rashin shigar yake jawowa.

Wanda yake son ya san ko sifilita ce mai laifi ba ya bukatar na'urar awo. Ya buɗe shafin sigina a dikoda ya rubuta lambar ƙarfi da ta inganci, sannan ya cire sifilitar ya haɗa wayar da ta fito daga eriya da ta ɗakin kai tsaye da ɗan mahaɗin nan mai zare a kai biyu, ya sake duba lambobin. In hoto ya dawo, an kama ɓarawo. In bai dawo ba, sai a koma ga waya da eriya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne canza abu uku a lokaci guda, ta yadda ko an dace ba a san abin da ya gyaru ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma kowanne ya isa ya hana kallo. Ana juya sifilita a sa wayar eriya a bakin fita, sai ɗaki ɗaya ya samu, ɗayan ya rasa kusan komai, don haka a karanta rubutun da yake jikinta. Wadda aka rubuta wa 5 zuwa 1000 MHz ta eriya ce, siginar dish kuwa tana tsakanin 950 da 2150, sai a nema mata mai 5 zuwa 2400. Bakin da ba a amfani da shi a rufe shi da murfi mai ohm 75, sai dai a kan layin da wuta take bi a nemi murfin da ba ya shan wuta. Eriyar da take da busta a cikinta tana jiran wuta daga dikoda, in sifilitar ba ta barin wuta ta wuce an kashe ta ke nan. Siririyar waya RG59 ba ta dace da nisa ba, a sa RG6. Ƴan sifilitocin roba marasa nauyi da ake tusa musu waya ba zare kuwa, ban taɓa barin ɗaya a gidan da na yi aiki ba.

Kan waya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin kowace sifilita tana ƙara kawuna uku ko fiye, kowanne kuma ƙofar matsala ce. Idan aka fere waya da reza, sili ɗaya na saƙar waje ya isa ya naɗe jan ƙarfen tsakiya, kuma a kan layin dish wannan yana haɗe wutar da risiba take turawa, wata ta rubuta gargaɗi a allo, wata kuma ta ƙone sashen da yake ba LNB wuta. A mayar da saƙar baya gaba ɗaya, a bar tsinin tsakiya ya leƙo kamar milimita 2 zuwa 3 daga bakin kan, a ɗaura da hannu sannan a ɗan ƙara da sifana kaɗan ba tare da an murɗe bakin ba.

Sifilitar da aka bari a waje kuma damina ɗaya ta ishe ta. Ruwa yana bin jikin waya ya shiga ta zaren, tsinin ya yi baƙi ko kore, kuma baƙin salatif ɗin da ake naɗawa zafin bazara yana sakin sa ya zama aljihun tara ruwa. In ba makawa sai ta zauna a waje, ina sa ta a cikin akwatin roba a ƙarƙashin inuwar kwano, bakunanta suna kallon ƙasa, sannan in lanƙwasa kowace waya ta sauka ƙasa da akwatin kafin ta hau ta shiga, domin ruwan ya ɗiga daga gindin lanƙwasar. Wadda ruwa ya riga ya shiga ba na wanke ta, ina jefar da ita, in yanke kamar taƙi ɗaya na kowace waya har sai na ga jan ƙarfe mai sheƙi, sannan in ɗaura sababbin kawuna.