Sababbin zuwa Birtaniya da iyali: ku fara da lissafi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta yi ta zubewa, magidanta da yawa sun sayar da fili ko mota sun kwaso iyali zuwa Birtaniya. Idan kuna cikinsu, barka da isowa. Abu na farko, ku daina auna fam da naira. Albashin da zai zama dukiya in an canza shi a kasuwar canji ta Wapa a Kano, a nan haya ce ke cinye kaso mafi tsoka, sannan ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin gas da lantarki, waɗanda ke haurawa da zarar sanyi ya shigo. Ku faɗa wa mutanen gida gaskiya tun yanzu, su ba ku wata shida kafin a fara maganar aike. Wanda ya fara tura kuɗi a watan farko ya ɗaure kansa, don ranar da ya kasa cewa za a yi ya canza hali.

Kada ku biya ko sisi kan gidan da ba ku gani da ido ba. A Ingila kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa a yawancin gidaje ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole ya saka shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da kuka tare, ku ɗauki hoton kowane ɗaki, har da baƙin danshin da ke lungun taga da tabon kan kafet. Hoton nan ne shaidarku ranar fita.

Sai takardu. Mafi yawan biza na ɗauke da sharaɗin cewa ba ku da haƙƙin tallafin gwamnati, don haka kada wani ya cika muku fom ɗin neman tallafi da sunan taimako. Ɗalibin jami'a awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu. Mai aikin kula da tsofaffi ya adana kowace takardar albashi, domin idan kamfaninsa ya rasa lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje, yawanci kwana 60 ake ba shi ya nemo wani. Tun watan Yulin 2025 kuma an rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje, saboda haka ejan da ya ce a kawo miliyoyi zai shigo da ƙaninku ta wannan hanya ɗan damfara ne.

Inda na fi ganin gidaje na tuntuɓe shi ne yara. Makarantar gwamnati kyauta ce, ta ƙaramar hukuma ake neman gurbi. Amma malama ta ga shatin bulala a ƙafar yaro, aikinta ne ta kai rahoto, sai ku ga jami'an walwalar yara a ƙofa. A Scotland da Wales ko ɗan mari doka ta hana. Haka barin ƙananan yara su kaɗai a gida don an tafi aikin dare na iya jawo muku jami'an nan. A can gida sai a ce wa maƙwabciya "Maman Abba, ga yara nan", a nan kuwa babu wannan. Dole maigida da uwargida su zauna su raba lokutan aiki, kuma Malam, a yi haƙuri, za ka koyi wanka wa yaro da ɗora tukunya. Ku kuma riƙa yi musu Hausa a gida, Turanci makaranta za ta ba su har ya yi yawa.

Ku yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, tun kafin ciwo ya zo. Kyauta ne. Lambar 999 ta gaggawa ce, 111 ta neman shawarar lafiya. Matsalar haya ko albashi, ofishin Citizens Advice na ba da shawara ba tare da an biya ba. A watan Disamba a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, ga ta ba ƙarfi, shi ya sa hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, NHS, ke ba da shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris.